Sai Mai Waya Ya Ajiye Da Kansa

To, ku kashe bidiyon nan haka, ku matso kusa. Tun safe nake kallonku, kowa ya kafa ido a gilashi yana kallon wani mutumin wata ƙasa yana kwance waya yana mayarwa, kuna ta gyaɗa kai wai kun gane. Ɗayanku ma ina jinsa yana cewa gyaran waya ai canza gilashi ne da bakin caji, in abu ya gagara a yi mata filashin a huta. Madalla da kai, injiniya! Ban ji haushi ba, ni ma da ƙuruciyata haka na raina gyaran rediyo. Amma tunda iyayenku sun kawo ku shagon nan sun ce in koya muku, bari in fara da abin da ba za ku gani a bidiyo ba.

Aikin farko da ya zauna mini a rai ba ni ma na yi shi ba. A Kurfi ne, a rumfar Malam Iro mai rediyo, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Shi ne ubangidana a sana'a, a wurinsa na koyi riƙon ayan, ƙarfen nan na narka dalma, tun wayar hannu ba ta shigo garuruwanmu ba. Ina sabon zuwa wani dattijo ya shigo rungume da rediyonsa, har riga ta fata an ɗinka masa. Ni kuwa da rawar kai na yi wuf na miƙa hannu zan karɓa. Sai ji na yi ƙwal! Malam Iro ya sakar mini ƙotar sukudireba a bayan hannu. Bai ko kalle ni ba. Ya gaisa da dattijon, ya tambaye shi gida, ya tambaye shi damina, har mutumin ya ɗora rediyon a tebur don kansa. Sai bayan ya tafi Malam Iro ya juyo ya ce, "Bala, ba a amsar kaya daga hannun mai shi. Ka bari ya aje da kanshi, kai kuma ka duba yadda ya aje. Nan za ka san aikin da aka kawo maka."

Na ce a raina wannan tsoho akwai fi'ili. Ashe rabin sana'ar ya miƙo mini ban sani ba.

Da waya ta zo na dawo nan Dutsin-Ma na buɗe shago, sai na ga maganarsa ta fi zama a kan waya fiye da rediyo. Ɗalibin jami'a zai shigo ya wurga maka ita a tebur yana taunar cingam, wannan gilashi ne kawai damuwarsa, ka yi masa da wuri ya tafi. Ɗan kasuwa zai kifa ta, fuskarta ƙasa, ya ɗan tura maka da yatsa. Wannan yana gaya maka ne akwai abin da ba ya so ka gani, to ka gyara a gabansa, idonka a kan inji. Matar aure za ta ajiye ta tsaya a tsaye ta ƙi zama, ita ma hotunanta take tsoro, kada ka ce ta je ta dawo. Duk babu wanda zai faɗa maka da baki, hannunsa ne zai faɗa.

Akwai wani ma'aikacin ƙaramar hukuma da ya taɓa shigo mini kamar zai tashi shagon. Na canza masa bakin caji bai daɗe ba wayar ta sake ɗaukewa. Ya buga ta a tebur har dalma ta yi tsalle, yana cewa mu masu gyara duk macuta ne. Ni ma fa ina da zuciya, kun dai san ni, har na buɗe baki zan rama. Sai na lura yana faɗan ne amma yana ta waiwayen titi. Na zaro tawa wayar na miƙa masa na ce, "Yallaɓai, fara kiran wanda kake son kira, sannan mu yi faɗan." Ashe matarsa ce ke kan gwiwa a asibiti, shi kuma an turo shi neman magani, ba shi da hanyar jin halin da take ciki. Ya yi kiran, aka ce ta sauka lafiya. Mutumin nan ya zauna a bencin da kuke kai ya rasa inda zai sa fuskarsa. Datti ne kawai ya toshe bakin cajin, na sa allura na fitar. Har yau duk gidansu nan suke kawo gyara.

Kayan aikin nan da kuke ta shafawa kuwa, kowanne da halinsa. Mita, ta gwada wuta ɗin nan, ba ta ƙarya, amma sai ka san inda za ka ɗora ta. Hantsaki in bakinsa ya karkace ko kaɗan, ka ajiye shi, zai sa ka ɓarna. Buroshi da sipirit su ne na wanke tsatsa. Wanda nake so ku ji tsoro shi ne buluwa, mai hura iska mai zafi ɗin nan. Da ita ake ɗaga ƙananan abubuwan da ke manne a jikin inji, da ita kuma ake kashe waya har abada. Ka matsa kusa ka ƙona, ka yi nesa dalma ta ƙi narkewa. In ranka a ɓace yake, ko ka yi faɗa a gida, ko yunwa na cinka, kada ka kunna ta. Je ka sha ruwa ka dawo, wayar ba gudu za ta yi ba.

Sai shekarar da aka ɗauke sabis saboda 'yan bindiga. Wasunku suna yara, amma kun tuna. Gari ya yi tsit. Wanda ke da kiran dole sai ya shiga mota ya nufi Katsina, ko ya hau kan dutse yana ɗaga hannu sama ko Allah zai sa. Waya ta koma tocila. Wa zai gyara abin da ba ya kira? Layin nan namu na masu gyara ya watse, wani ya koma gona, wani ya kama tura baro. Maƙwabcina Ɗanjuma, wanda hannunsa ya fi nawa kyau a aiki, ya rufe shago ya koma sayar da kankana. Ni ma yayana da ke Kaduna ya aiko direba ya ce in tattara in zo in tsaya masa a shagon kayan gini. Na amsa. Wallahi har na fara jera kayan aikina a kwali, buluwa ce kawai da mita suka rage a tebur.

A wannan halin ne wata safiya wata tsohuwa ta yi sallama. Ta ce sunanta Inna Kulu, daga Tamawa take, motar Kurfi ta biyo. Na ba ta benci, na ba ta ruwa, muka gaisa. Ta kwance bakin mayafinta ta fito da 'yar ƙaramar waya mai maɓallai, irin wadda lambobinta duk sun goge. Ta riƙe ta da hannu biyu a cinya. Na naɗe hannuna ina jira ta ajiye. Ba ta ajiye ba.

Ta ce, "Cikin randar ruwa ta faɗa, ɗana. Na shanya ta a rana, kullum ina dannawa ko za ta tashi, shiru. Na kai ma wasu yara can bakin tasha, ɗaya ya ce in sayi sabuwa ya fi sauƙi. Ɗaya ya ce ko ta tashi sai an yi mata wani abu wai filashin. Na ce mi ke nan? Ya ce wankewa ce, duk abin da ke ciki zai fita. Na ce ba ni abuna."

Ku ji fa, yaran nan ba su yi mata ƙarya ba. Irin wayar nan gyaranta bai kai wahalarsa ba, kowane mai gyara zai faɗa maka haka. Amma tsohuwa ba ta shiga motar Kurfi a shekarar da kowa ke tsoron hanya saboda wayar da babu sabis a cikinta. Na ce, "Inna, mi ke ciki?"

Ta kalli ƙofa. Ta ce, "Maganganun mutane ne."

Na ce, "Su wa, Inna?"

Ta ce, "Wani ne nan gidanmu. Shi ya saya mini ita, shi ya yi mata abin da in an kira take riƙe maganar. In na zauna ni ɗai nakan danna in ji." Sannan ta ce, "Da daminar nan aka same shi a gona. Ya bar mata da ciki, ko yau ko gobe."

Kun ji ta ambaci suna? Ba ta ambata ba. A cikin gaisuwarmu ta kira sunan autanta, ta kira sunan direban da ya kawo ta, amma wannan ɗaya sai kewaye shi take yi, wani, shi, na gidanmu. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san macen da ta kai shekarunta suna ɗaya ne ba ya fita a bakinta, na ɗan fari. Ko mutuwa ba ta cire mata wannan kunyar ba. Daga nan ban sake tambayarta ko wane ne ba. Na ce Allah ya jiƙansa, ta ce amin. Sai a lokacin ta ɗora wayar a tebur, amma ta bar yatsa ɗaya a kanta.

Haka na kwance ta, yatsan Inna na gefen hannuna. Ciki ya yi kore shar da tsatsa. Na wanke da sipirit, na bi da mita, na gano ɗan abin da ke raba wuta ne ya ƙone, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar gero. Abin da ya ƙona shi kuwa dannawar nan ce da take yi kullum alhali da sauran laima a ciki. Ban faɗa mata ba. Me faɗar za ta gyara? Matsalar ita ce ɗan abin nan yana manne ne daf da ma'ajiyar da muryar take ciki. Dole in sa buluwa in cire shi, kuma zafin da zai cire shi yana iya dafa ma'ajiyar.

Na ce, "Inna, ba zan yi miki alkawari ba. Akwai hanya ɗaya, sau ɗaya kuma ake bin ta. In Allah ya taimaka ta tashi da komai nata. In aka samu akasi, maganar ta tafi, babu mai dawo da ita, ko ni ko wani."

Ta ce, "In an bar ta haka fa?"

Na ce, "Tsatsa za ta ci gaba da cinta a hankali."

Ta daɗe tana kallon wayar. Ta ce, "To gwada. In ta tafi, dama mai maganar ya riga ta."

Sai dai ba ni da abin canzawa, kuma a lokacin ba mai zuwa Kano sayo kaya. Ita kuma ko da wasa ba za ta bar wayar ta kwana a hannun wani ba, ban ma roƙa ba. Na ɗaure mata abarta na mayar mata, amma na riƙe batirin na ce zan yi masa caji kafin ta dawo. Na kuwa yi masa cajin. Amma ku kun san dalilin da ya sa na riƙe shi, hannun nan nata ba zai iya haƙura da dannawa ba.

Na zazzage buhun matattun wayoyina kaf, babu irinta. Na tafi gidan Ɗanjuma. Ya dawo daga tallan kankana a gajiye, ya dube ni ya ce, "Kai Bala, har yanzu kana nan kana fama da gawarwakin nan? Ba Kaduna aka ce ka tafi ba?" Na ba shi labari. Ya shiga ɗaki ya jawo nasa buhun ya juye a tabarma, muka durƙusa mu biyu muna tona kamar masu tsintar wake. Shi ya gano irinta can ƙasa, babu gilashi babu murfi, amma injinta lafiya lau. Na ce me zan ba shi, ya ce in ɓace masa da gani. Har ya raka ni ƙofa yana ce mini, "Ka rage iskar, ka ji ko? Kai hannunka da nauyi." Allah ya saka wa Ɗanjuma da alheri.

Kafin ranar da ta ce za ta dawo, na yi ta gwaji a kan wasu matattun injuna, in cire in mayar, in cire in mayar, har hannuna ya san nisan da kansa. Na tanadi ɗan man janareta na hana kaina taɓa shi. Ta iso da hantsi. Na karya kumallo sosai, na tura ƙofa don iska, na rufe ma'ajiyar da 'yar takardar azurfa, na yi bisimilla na kunna buluwa. Inna tana benci tana jan carbi, ina jin ƙarar 'ya'yansa. Dalma ta yi ƙyalli, na sa hantsaki na ɗaga ƙonannen, na ɗora na Ɗanjuma, na janye wuta. Gumi har cikin idona. Na jira ta huce, na sa batir, na danna.

Ta kawo haske.

To, nan ne nake so ku buɗe kunne. Me mai gyara ke yi in waya ta tashi? Ya shiga ciki ya danna abin da ya fara gani, ya ƙure ƙara don ya gwada sifika. Dukanmu haka muke, hannu ne ya saba. Na shiga na ga maganganun a jere, babban yatsana har ƙaiƙayi yake. Kuma ina da hujja, don zafi yakan bar sunan abu a jere alhali cikinsa ya lalace, sai an kunna ake sani. Amma ga masu shayi a waje, ga masu wucewa, ga uwa a zaune. Na kwafe su a memori ba tare da na buɗe ko ɗaya ba, na juya wayar na tura gabanta. Na ce, "Inna, ga su nan. Ban sani ba ko suna yi, sai an saurara."

Ta ɗauka, ta shafa fuskar wayar da bakin mayafi. Ta ce, "Ba a nan ba." Ta ƙulle abarta, ta sa mini albarka, ta tafi.

Ta bar ni da zulumi. Babu sabis balle ta kira ta ce ya yi ko bai yi ba. Yayana ya sake aiko direba, na ce a ce masa ina tafe. Amma kullum in na kalli kwalin nan sai in ce, in tsohuwar nan ta je gida ta danna ta ji shiru, ta sake shiga mota ta zo ta tarar da kwaɗo a ƙofa fa? Sai in buɗe shago in zauna. Ina zaman jiranta ne na ga ashe aiki bai mutu ba, ni ne na daina ganinsa. Wannan ya kawo a gyara masa tocilar waya, wancan rediyonta, wani a zuba masa karatu a memori. Kaɗan-kaɗan na fito da kayan daga kwali, har kwalin ya koma wurin zuba shara.

Ran nan ina cikin aiki wata motar Kurfi ta tsaya a bakin titi tana ta hon. Direban ya leƙo ya ce, "Kai ne Bala mai waya? Wata tsohuwa a Tamawa ta ba ni saƙo." Ya miƙo mini ƙullin gyaɗa. Ya ce, "Ta ce in ce maka ya yi magana. Wai wa ya yi magana?" Na ce ya je kawai, na gane. Na koma ciki na zauna, ni da gemuna, hawaye suka zubo mini. Na yi wa Malam Iro addu'a a wurin, don ba don ƙotar sukudirebansa ba da na karɓi wayar nan a tsaye na ce a sayi sabuwa. Kaduna kuwa har yau ban je ba, yayana ya gaji ya ɗauki wani. Na gode wa Allah da sana'ar nan, ta ci da ni, ta aurar mini da 'ya'ya, ta kuma sa ni cikin alherin da ban isa in saya ba.

Kwanakin baya, kafin ku fara zuwa, Inna Kulu ta dawo. Ta ƙara tsufa, tana dogara sanda, ga wata 'yar yarinya mai wayo riƙe da zanenta. Cikin nan ne da aka bari. Ta ce sifikar wayar ta fara shaƙewa, a duba. Wayar kuwa tana hannun yarinyar. Kafin kowa ya ce wani abu ta danna da kanta, ta san wurin sarai. Sai ga muryar saurayi, tana ɗan karkarwa saboda sifikar: "Inna, kin tashi lahiya? Ki ce mata kada ta ɗauki tulun nan, in na dawo gona ni zan ɗebo. Kuma in mace ce, sunanki za ta ci." Sai muryar Inna a ciki tana dariya tana cewa, "Kai dai ba ka da kunya."

Yarinyar ta ɗago ta dube ni ta ce, "Ni ce yake faɗi."

Inna ta juya fuska wajen ƙofa. Can ta ce, "To Ummi, miƙa ma Malam ya gyara." Yarinyar ta ƙanƙame wayar a ƙirji da hannu biyu, ta maƙale kafaɗa. Inna ta miƙa hannu za ta karɓe.

Na ce, "Ƙyale ta, Inna. Za ta aje."

Na naɗe hannuna na jira.